Baba Sikeli da Kilo Saba'in

A rahoton da kwamitin asibitinmu ya rubuta, ba a ce Baba Sikeli ne ya kashe matar ba. Masu ilimi ba sa faɗin magana haka ƙiri-ƙiri. Cewa aka yi wani ma'aikaci, wanda ba aikinsa ba ne, ya katse wa marar lafiya ƙarin ruwa na minti arba'in, kuma hakan yana daga cikin abin da ya jawo rasuwarta. Ni nas ce, shekarata goma sha tara a ɗakin gaggawa, kuma da hannuna na rataya wa matar nan yawancin ledojin ruwanta. Ƙarya aka rubuta.

Baba Sikeli mai tura gadon marasa lafiya ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum cikin takalmin roba, kuma a duk asibitin gadonsa kaɗai ne ba ya ƙara, don da kansa yake zuba wa tayoyin mai. Kafin ya zo wurinmu ya yi shekara goma sha huɗu yana dako a wani sito, yana sauke siminti da taki da sukari daga manyan motoci. A can hannunsa ya koyi awo. In ya ɗaga buhu ya ji an tsakure shi, sai ya ajiye gefe ya ce a ɗora a sikeli, kuma ba a taɓa ɗorawa ya ji kunya ba. Rashin lafiyar matarsa ce ta kawo shi asibiti. Ya tarar na'urar hawa bene ta lalace, ya sungumi matar har hawa na uku, ya sauko ya ga wasu tsaye cirko-cirko da nasu marar lafiyan, ya sungumi wannan ma. Shugabar nas-nas ta lokacin ta gani, ta ce ya dawo Litinin. Matar tasa ta warke, kuma har yau in sun yi faɗa takan tuna masa cewa ita ta sama masa aiki.

Ga abin da ya sa hannunsa ya zama abin nema a ɗakinmu. Akwai marasa lafiyan da ake kawo mana cuta ta riga ta bar inda ta faro, ko gyambo ne, ko mafitsara, ko huhu, ta shiga jini ta game jiki. Jijiyoyi su saki, awon jini ya faɗi warwas, mutum ya fara sambatu, fitsari ya ɗauke. Irin wannan ba ya jiran gobe. Allurar kashe ƙwayar cuta da ƙarin ruwa ta jijiya, yanzu-yanzu. Amma ruwan ba kwarara shi ake yi kamar ban-ruwan lambu ba. Da nauyin mutum ake lissafa shi, mililita talatin a kan kowane kilo a tashin farko, daga nan a riƙa dubawa ko yana amfani ko ya isa haka. In ka ƙware shi, ƙoda ta tsaya. In ka cika, ruwan ya tsiyaye cikin huhu, mutum ya nutse yana kwance a kan gado.

To wa zai auna? Sikelin ɗakinmu na tsayuwa ne. Mutumin da bai san inda kansa yake ba, ka ce masa ya miƙe ya hau sikeli? Don haka likitoci suka samo wa kansu mafita: kowane baligi kilo saba'in ne. Haka misalin yake a littafin da suka karanta, wani mutum ne can mai kilo saba'in da ake yi wa kowane lissafi. Shekara goma sha tara ina jiran mutumin littafin nan ya shigo ɗakinmu mu gaisa, bai zo ba. Waɗanda suke zuwa su ne ƙaton direba mai kilo ɗari da goma, a ba shi ruwa leda huɗu masu rabin lita alhali kusan bakwai yake buƙata, da 'yar tsohuwar da iska za ta iya turewa, ita ma a ba ta leda huɗu.

Mu nas-nas muna da tamu hanyar. Duk wanda aka shigo da shi, Baba ne zai ɗauke shi daga gadon turawa zuwa na kwanciya, hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin gwiwa. Yakan ɗan tsaya daƙiƙa biyu, ya lumshe ido, sannan ya ajiye. Sai ɗayarmu ta ce, "Baba, nawa?" Ya ce, "Hamsin da takwas, ki cire ɗaya na takalmi da rigar sanyi." Mun sha gwada shi. In marar lafiya ya farfaɗo har ya iya tsayuwa, mukan ɗora shi a sikeli mu kira Baba ya zo ya ga sakamakonsa. Kilo ɗaya yakan kuskure, in ya yi yawa biyu, kuma ran da ya kuskure biyu sai ya wuni yana mita, wai an ɗura wa mutumin abinci ne don a kunyata shi. Tsofaffin likitoci sun san da haka, wasu ma da kansu suke tambaya. Ya taɓa ce wa shugabarmu ta yanzu, tana hawowa bene, "Ranki ya daɗe, hutun nan ya karɓe ki da kilo uku." Bai ko taɓa ta ba, takunta ya ji. Ta yi dariya a gabanmu, amma ni na san ba ta yafe ba.

Sai wata rana masu duba asibitoci suka zo zagaye da takardunsu, suka ji wata nas ta ce, "Baba, nawa?" suka ga ta rubuta. Bayan sati biyu sanarwa ta fito, aka manna ta a bango daidai inda yake ajiye gadonsa: masu tura gado ba su da hurumin faɗin komai kan jinya, kuma duk nas ɗin da ta rubuta nauyin da ba sikeli ne ya bayar ba ta kuka da kanta. Na je ofis na tambayi shugabarmu wane sikeli ne yake bayar da saba'in ɗin da likitoci ke rubutawa. Ta ce wannan ƙiyasin ƙwararru ne. Na ce ƙwararru a me, a kwafe littafi? Na fito da takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata, an rubuta a ciki cewa ta biyu ita ce ta sallama.

Baba ba ya karatu sosai, ni na karanta masa sanarwar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, 'yata, an ji." Daga ranar ya ja bakinsa ya tsuke. Yana ɗaukar mutane, yana lumshe ido, don wannan ba zai iya bari ba, amma ba ya cewa uffan.

Ranar Talata da hantsi aka kawo matar. Tsohuwa ce, 'yarta malamar makaranta ce ta kawo ta, an naɗe ta da barguna biyu don tana rawar sanyi. Ciwon mafitsara ne ya kwana huɗu ana ba ta magani a gida. Hannunta sanyi ƙalau, awon jini ya faɗi, tana kiran sunan mijinta da ya rasu tuntuni. Baba ya ɗauke ta ya ajiye, ya ja gadonsa zai fita, sai ya bi ta bayana ya ce ƙasa-ƙasa, "Arba'in da uku, Sista. Har da zanenta." Wata huɗu ke nan bai faɗi lamba ba.

Likitan safe yaro ne mai ƙoƙari, ba zan ci zalinsa ba. Cikin minti goma ya sa an ɗebi jini, an yi allura, an sa robar fitsari. Ya ja fayil ya rubuta saba'in, ya buga lissafi, leda huɗu da ɗan ɗori.

"Likita, matar nan ba ta kai saba'in ba," na ce masa. "Ka yaye bargon ka gani."

"Nawa take?"

"Arba'in da uku."

"Wa ya auna?"

Na kai idona bakin ɗaki. Ya ɗago ya dubi ƙofa inda Baba yake goge gadonsa, ya gane. Ya ce, "Sista, in aka tsayar da ni gaban kwamiti, in ce musu me? Hannun mai tura gado ne hujjata? Awon jininta ya faɗi, ruwa take buƙata. Rataya."

Na rataya. Mai kilo arba'in da uku leda biyu da rabi ce rabonta a tashin farko, na ba ta huɗu da ɗori, kuma in da abin ya tsaya nan wataƙila da jikinta ya ɗauka. Zuwa azahar awon jinin ya ɗan taso, ta buɗe ido, ta tambayi 'yarta wa ya bar aji ba malami. Muka yi dariya. Malamar ta riƙe hannuna tana sa mini albarka.

Amma lamba in ta shiga fayil haihuwa take yi. Likitan yamma ya zo, bai ga matar da safe ba, fayil ya gani. Ya duba jakar fitsari, mililita ashirin da biyar a awa. Ga mai kilo arba'in da uku wannan ya isa, ƙodarta tana aikinta. Ga mai kilo saba'in bai isa ba, talatin da biyar ake so. Ya ce ƙoda na jin ƙishi, a ƙara leda biyu da gudu, sannan a ci gaba. Wanda ya karɓe shi ya duba wannan lissafin, ya ga fitsari har yanzu bai kai na mutumin littafi ba, shi ma ya ƙara nasa. Ba wanda ya yi sakaci a cikinsu, kowa ya bi ƙa'ida tiryan-tiryan. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum uku masu digiri suna ta kula da wata ƙatuwar mata da ba ta nan, ga 'yar tsohuwa kwance a gabansu tana kumbura.

Da na dawo Laraba da safe na tarar idanunta sun yi luhu-luhu, zoben azurfarta ya nutse a yatsa sai da muka yanke shi. Na sa abin sauraro a bayanta, na ji huhun yana ƙis-ƙis daga ƙasa har tsakiya. Tana numfashi da kafaɗa. Leda ta tara tana ƙarewa, fayil ya ce a sa ta goma. Na nemi likitan safe, yana can ɗaya ɓangaren, an kawo mutum shida daga haɗarin mota, jini har gwiwar hannunsa. Na ce masa huhun tsohuwa ya fara cika. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ki sa mata iskar taimakon numfashi, ki ci gaba da abin da aka rubuta, ina zuwa. A kai ta hoton ƙirji."

Na sa mata iska. Na tsaya da ledar a hannuna ina kallon ɗan tayan robar da ake murzawa a buɗe ruwa ko a rufe. Na san abin da ya kamata, ba yau na fara aiki ba. Amma nas ba ta soke umarnin likita, kuma takardar gargaɗin nan tana cikin jakata, ga 'ya'ya uku a gida. Na ce wa kaina ai yanzu zai zo. Na rataya ta goma. Da ta ƙare bai zo ba, na rataya ta sha ɗaya, na gudu wurin wani da ke aman jini.

Wajen sha biyu Baba ya zo ɗaukarta zuwa hoto. Malamar ta fita sayo ruwan sha, ba kowa a gefen gadon. Mai shara ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya sa hannu ya ɗaga tsohuwar, ya tsaya, sai ya mayar da ita a hankali. Ya sake ɗagawa. Ya leƙo ya kira ni sau biyu, ban ji ba. Ya leƙa wurin likita, aka ce ya kauce daga hanya. Ya dawo ya tsaya yana kallon ruwan yana ɗiga, tsohuwa tana fisgar numfashi. Sai ya sa babban yatsa ya murza tayan ya rufe.

Bai ɓoye ba. Yana dawo da ita daga hoto ya tare ni ya ce, "Sista, na rufe ruwan. Arba'in da bakwai take yanzu. Jiya da na ɗauke ta ƙashi na ji, yau kamar katifar da aka bari a ruwan sama." Likitan yana bayana, ya ji. Ya hau dokin zuciya, ya buɗe ruwan, ya aika a kira shugabarmu. A tsakiyar ɗaki, gaban marasa lafiya da 'yan uwansu, ta wanke dattijon da ya isa ya haife ta tas, ta ce ya tattara ya koma ɗakin ajiye gawa har a gama bincike, can ne ba wanda zai kashe.

Bayan awa ɗaya babban likita ya shigo zagaye, ya ɗaga hoton ya dubi huhu fari fat, ya ce, "Wa yake ta ɗura wa matar nan ruwa? A rufe shi." Aka rufe. Aka yi mata allurar fitar da ruwa, aka fara maganin ɗaga awon jini, wanda tun jiya shi ya kamata a kama maimakon leda bayan leda. Ta rasu Alhamis da la'asar, malamar tana goge mata kumfar baki da gefen mayafi.

Ba zan rantse cewa da an rubuta arba'in da uku za ta tashi ba. Wannan ciwon yana kashe mutane ko an yi komai daidai, na gani ba sau ɗaya ba. Amma zan dafa duk abin da aka ba ni in rantse cewa ba minti arba'in ɗin Baba ne ya kashe ta ba. A kwana biyun nan, shi ne kaɗai lokacin da aka bar huhunta ya huta.

Na faɗa wa kwamitin haka. Mutum biyar a bayan dogon tebur, da ruwan gora gaban kowa. Na ce su ƙirga ledojin, sha ɗaya. Na ce su duba awa nawa ne tsakanin rufewar Baba da rufewar babban likita. Na ce su tambayi wanda ya rubuta saba'in a kan wane sikeli ya gan ta. Shugaban zaman ya ce, "Sista, ke kin auna ta?" Na ce a'a. Ya ce, "To a hukumance nauyinta shi ne wanda ke cikin fayil." Ya ce mu tsaya kan abin da ke gabanmu, wato ko mai tura gado yana da izinin taɓa ruwa. Ba shi da shi. Nan aka rufe magana. In aka tono saba'in, likita uku ne da shugabar nas-nas da su kansu masu sanarwa za su shiga ciki. In aka tsaya kan yatsan Baba, mutum ɗaya ne, kuma ba shi da ƙungiya. Aka tabbatar da shi a ɗakin gawa, da gargaɗin kada a sake ganinsa kusa da mai rai.

Na je na same shi can ƙasa, bayan ɗakin wanki. Ina ta zagi, shi yana shafa wa tayoyin sabon gadonsa mai. Ya ce, "'Yata, bar shi. Na taɓa abin da ba nawa ba, wannan gaskiya ne." Na ce Baba wannan haƙurin naka shi ke ƙara ba ni haushi. Ya ce shi abin da ke damunsa ɗaya ne, jiya ya hango an shigo da wani dogon mutum ta ƙofar gaggawa, ko daga nesa ya fi ɗari, ya san saba'in za a rubuta masa.

Bayan sati uku asibiti ya ba iyalin takardar sakamakon bincike. Ranar da rana tsaka mai shara ta zo da gudu ta ce in sauko, malamar tana bakin ɗakin gawa. Na tarar mutane sun taru. Baba yana tsaye, hularsa a hannu, ita kuma tana riƙe da takardar.

"Kai ne?" take cewa. "Kai likita ne? Wa ya aike ka? Mamata ta buɗe ido, ta yi mini magana, ta fara samun sauƙi, ka zo ka rufe mata ruwa? Allah ya isa tsakanina da kai, tsoho. Allah ya isa!"

Bai ce komai ba sai, "Allah ya jiƙanta, Malama." Wannan ya ƙara tunzura ta.

Na ratsa mutanen na kama hannunta. Ta gane ni, ta faɗo jikina tana kuka, tana cewa Sista ke kin yi iyakar ƙoƙarinki, ke shaida ce. Na ja ta zuwa benci na zaunar da ita, na faɗa mata duka. Na faɗa mata arba'in da uku da saba'in. Na faɗa mata fitsarin da ya isa aka ce bai isa ba. Na ce kumburin idon da ta gani, da zoben da muka yanke, ba ciwon ba ne kaɗai, ruwanmu ne. Na ce dattijon nan da take tsine wa shi kaɗai ne a ɗakin ya san girman mahaifiyarta, kuma shi kaɗai ya yi abin da babban likita ya zo ya yi daga baya. Muryata tana tashi, ban damu da wanda ke ji ba, in sallama ce a yi.

Ta daina kuka. Ta dubi Baba, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juyo kaina. Ta zare hannunta daga nawa.

"Ke tun ranar farko kin san nauyinta?"

Na ce na sani.

"Ranar Laraba da safe, da kika sa abin nan a bayanta, kin ji huhun ya cika?"

Na ce na ji.

"Ina tsaye kika rataya mata wata ledar. Har na riƙe miki ƙarfen da ake rataya ta." Ta miƙe, ta ninke takardar ta sa a jaka. "Shi mai tura gado ne, ya rufe. Ke da kika yi karatun, me ya hana ki?"

Na buɗe baki in ce ƙa'ida, in ce gargaɗi, in ce 'ya'yana, na ji ba wadda zan iya faɗa wa matar da ta binne uwarta. Sannan ta je gaban Baba ta durƙusa ta ce ya yafe mata, ta tashi ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Baba ya mayar da hularsa, ya koma ciki, don an kawo masa aiki.